Saman dutsen ya ƙi ni: makin ne bai yi daidai ba, ko ni ne ban iya ba?

Kadangare_Sabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe suna hawan dutse a waje su ba ni shawara. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan ina hawan bangon cikin ɗaki, har na kai inda V4 (makin wahalar hawa ne, da ƙaruwar lamba wuya ke ƙaruwa) ba ta cika ba ni wuya ba. Makon jiya na saɓa katifata, wadda ake shimfiɗawa a gindin dutse saboda faɗuwa, na shiga wani gandun shaƙatawa mai yawan bishiyoyi, inda akwai wani curin dutse da tsayinsa bai wuce mita huɗu ba. Layin da na zaɓa, wato hanyar hawa a jikin dutsen, V1 aka ba shi. Ƙasan ba laifi, madafa biyu masu kyau, sai wani ɗan siririn baki da yatsu uku ke shiga. Saman ne ya gagare ni. Ba abin kamawa ko ɗaya, doro ne kawai mai gangara. Sau tara ina kaiwa wurin, sau tara ina dirowa, tafin hannuna na zamewa. An yi ruwa kwana ɗaya kafin in je, amma a ido dutsen ya bushe. Akwai kuma gansakuka a gefen saman, har ina tunanin in koma da buroshin waya in kankare. Shin makin ne bai yi daidai ba, ko akwai abin da ban sani ba?

Tsaka_a_Bango:
Wa alaikumus salam. Barka da fitowa. Duk wanda ya baro ɗaki ya taɓa dutse karon farko haka yake gani. A ɗaki madafan suna da launi, tun daga ƙasa ka san inda hannu zai je. Dutse ba ya nuna maka komai, kai za ka lalubo. Sannan a ɗaki da ka taɓa madafar ƙarshe da hannu biyu ka gama, sai ka diro. A waje sai ka tsaya da ƙafafunka a bisa dutsen. Wannan hayewar ta ƙarshe ba ka taɓa koyon ta ba, shi ke nan.

Baba_Maiduwatsu:
Yaro, kafin komai: buroshin waya kada ya kusanci dutsen nan. Ko da wasa. Sannan gaya mini, wane irin dutse ne? In ka goga ɗan yatsa a jikinsa me kake ji?

Kadangare_Sabo:
To Baba, na ji. Launinsa kamar ƙasa-ƙasa, da kaushi irin na yashi. A wasu wuraren in na goga sai 'yan ƙwayoyi su biyo yatsana.

Baba_Maiduwatsu:
Dutsen yashi ne. To abin da zan faɗa ya fi maganar maki muhimmanci. Wannan dutse asalinsa rairayi ne da ya danƙare, ƙwayoyin suka manne da juna, kuma yana shan ruwa kamar tubalin ƙasa. In aka yi ruwa fuskarsa ce take fara bushewa, cikin kuwa yana nan jiƙe, abin da ya riƙe ƙwayoyin ya yi laushi. A lokacin ne madafa ke ɓallewa. Ɗan siririn bakin nan da ka ce yatsu uku ke shiga, in ka rataya nauyinka a kansa alhali cikinsa da danshi, yana iya zuwa maka a hannu. Kuma in ya ɓalle ya ɓalle har abada, babu mai zuwa da sifana ya ɗaura wani kamar yadda ake yi a bangonku.

Ƙarƙashin itatuwa abin ya fi muni, don rana ba ta kaiwa, iska ma ba ta ratsawa sosai. Kwana ɗaya bai isa ba. Ni dai abin da nake yi, ina tona ƙasar da ke gindin dutsen da yatsa. In na ji sanyi da laima, takalmina ba ya fita daga jaka. Na san mutum ya yi tafiya mai nisa ya zo, komawa da ciwo, amma haka ya kamata.

Kadangare_Sabo:
Wallahi ban san wannan ba. Alhamdu lillahi babu abin da ya ɓalle. Ba zan ƙara ba.

Hawainiya:
Baba ya gama magana a kan ruwa, bari ni in koma kan saman, don shi ka tambaya, ƙanena.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne neman abin ja. Ka kai baki, hannunka na ta lalube a gaba, kana jiran madafa, ƙafafu kuma an bar su can ƙasa. Babu madafar da za ta zo. Wurin nan ba ja ake yi ba, turawa ake yi. Ka tuna yadda mutum ke haye katanga mai kauri: ya fara ja har ƙirjinsa ya kai baki, sannan ya juya tafin hannu ɗaya, yatsu su kalli ciki, gwiwar hannu ta ɗaga sama, ya danna ƙasa. Wannan juyin daga ja zuwa danna shi ne dukan aikin.

Kafin ka juya hannun, sai ƙafa ta hau. Ka nemi inda za ka maƙala diddige a kan bakin, kusa da hannunka, ko da wurin ya yi kama da ba komai. Ka ja da diddigen kamar kana son jawo dutsen zuwa gare ka, ƙugu ya matso kan ƙafar. Da nauyinka ya koma bisa ƙafar sai ka mirgina diddigen ya zama tafin ƙafa, ka miƙe. Kada ka kwanta da ciki, kada kuma ka sa gwiwa. Wanda ya kwanta a kan doro ba ya ganin ƙafarsa, kuma in ya zame fuska ce take fara gogar dutse.

Abu na ƙarshe: doro mai gangara yana kamuwa ne in kana ƙarƙashinsa, hannu a miƙe, tafi a shimfiɗe. Da ka ɗago jiki ba tare da ƙafa ba sai kamun ya tafi. Ina zargin abin da ya dinga zubo da kai ke nan, ba ruwan kaɗai ba.

Tsaka_a_Bango:
Yaya Hawainiya ta faɗi gaskiya. Ka nemi ɗan gajeren dutse mai kai ƙirji ka yi ta maimaitawa, dama da hagu.

Dogo_Mai_Lissafi:
Game da maki, ya kamata a san inda abin ya fito. Ma'aunin V ɗin nan John Sherman ne ya ƙirƙiro shi a Hueco Tanks da ke jihar Texas a Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1980, harafin kuma daga laƙabinsa ne, Vermin. A Turai an fi amfani da na Fontainebleau, wani dajin duwatsu a Faransa, inda V3 take kusan 6A, V6 kusan 7A. Duka biyun a kan dutse aka haife su. Ɗakunan hawa daga baya suka aro, kuma da yawansu suna sassauta ƙananan makin don sabon shiga ya ga yana ci gaba. Saboda haka ba V1 ɗin dutsen ce ta yi tsanani ba, V4 ɗin ɗakin ce ta yi sauƙi. Sannan maki ba awo ba ne irin na sikeli. Wanda ya fara hawa ne yake faɗin ra'ayinsa, masu biyo baya su amince ko su gyara.

Zakin_Bango:
Malam Dogo, ban yarda da rabin maganarka ba. Kullum sai a ce ɗaki ne mai sauƙi. Akwai layukan waje da makinsu ya tsufa. An ba su maki shekaru talatin da suka wuce, tun daga nan dubban takalma sun bi ta kansu, matakan ƙafa sun goge sun yi sheƙi, wata madafar ma ta ɓalle, amma lambar tana nan yadda take a littafin layukan wurin. Me ya sa ba za a ce makin ya yi ƙasa ba?

Dogo_Mai_Lissafi:
Wannan kam gaskiya ne, ban musa ba. Misali ma ga layin La Marie Rose a yankin Bas Cuvier, wadda René Ferlet ya fara hawa a 1946, ita ce 6A ta farko a dajin Fontainebleau. Yau ta goge ƙwarai, kuma ana ganin masu hawa maki mafi girma suna zubowa daga kanta. Amma ka lura, ɗan'uwanmu bai ce ƙafarsa na zamewa a ƙasa ba. Sau tara ya wuce ƙasan lafiya. A saman yake faɗuwa, inda ba a goge ba, tunda har gansakuka ta samu wurin zama.

Ummu_Hanan:
Ku yi haƙuri in katse ku. Kadangare, ka ce ka diro sau tara daga kusan mita huɗu. Wa ke tsaye a bayanka? Katifa nawa?

Kadangare_Sabo:
Ni kaɗai ne, Anti. Katifa ɗaya.

Ummu_Hanan:
Abin da na ji tsoro ke nan. Allah ya kiyaye gaba. A hawan da ba igiya kowace faɗuwa ƙasa take kaiwa, kuma faɗuwar wajen hayewa ta fi kowace haɗari, don diddigenka na sama, ƙugu a gefe. In hannu ya kuɓuce ba a tsaye kake saukowa ba, da baya ko da kafaɗa kake zuwa, wani lokaci diddigen ya maƙale ya murɗe gwiwa.

Ni abin ya same ni shekara uku da suka wuce, a wuri mai itatuwa kamar naka. Na shimfiɗa katifa daidai inda aka fara layin, alhali layin ya karkata hagu. Da na faɗo, rabin ƙafata ya sauka a bakin katifa, rabin a kan saiwar bishiya da ganye ya rufe. Idon sawuna ya karye. Wata huɗu ban taka dutse ba, kuma ranar da ƙyar na fito hanya don ba kowa a kusa. Tun daga nan nake share ganye in ga abin da ke ƙasa, in tsaya in kalli saman, in tambayi kaina ina zan sauka in na faɗo daga can, ba daga nan ba. Komai nisan jifa ai ƙasa zai faɗo, to a gyara ƙasar tukuna.

Mai tsaron baya kuma ba aikinsa ne ya cafe ka ba, ba wanda zai iya. Aikinsa ya kare kanka da wuyanka, ya karkata ka zuwa katifa. Hannuwa sama, gwiwoyin hannu a ɗan lanƙwashe, babban yatsa a manne da sauran, ido a kan ƙugunka ba a kan hannunka ba. Shi ne kuma mai jan katifa yana bin ka.

Zakin_Bango:
Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Amma a yi adalci, katifar nan sai a shekarun 1990 ta bazu. John Gill, wanda ake kira uban wannan hawa na zamani, a 1961 ya hau Thimble a jihar South Dakota ta Amurka, dutse mai kusan mita tara, ba igiya ba katifa. Mutane da yawa suna fita su kaɗai, ni ma ina yi. Akwai natsuwar da ba ka samu sai kai kaɗai a cikin itatuwa.

Baba_Maiduwatsu:
Zaki, Gill ya yi ta komawa dutsen nan yana hawa kaɗan yana saukowa, har ya haddace kowane taku, kuma mutum ne da ya fito daga wasan motsa jiki da ƙarfinsa. Ba wanda ya fito waje karon farko ba ne. Ni ma na yi shekaru ina hawa da ɗan guntun kafet kawai na goge takalmi, gwiwoyina suna ba da labari yau. Fita kai kaɗai ba laifi ba ne ga wanda ya san faɗuwarsa. Yaron nan bai san ta ba tukuna.

Kurege_04:
Wata tambaya Kadangare: da a ce ka haye, ta ina za ka sauko? Ka zagaya bayan dutsen ka duba?

Kadangare_Sabo:
Ban duba ba.

Kurege_04:
To ka fara da wannan. Ka hau ta hanyar sauka, ka sauko ta ita, sannan daga sama ka leƙa bakin da ke ba ka wuya. Sau da yawa akwai ɗan lotsi ko ɗan tudu da ba a gani daga ƙasa.

Mai_Son_Kurmi:
Ni ba mai hawa ba ce, ɗana ne yake yi, shi ya sa nake cikin wannan zaure. Tafiyar ƙafa nake yi a gandu ina kallon tsuntsaye. Ina so ku ji yadda abin yake a idonmu. Za ka zo wurin dutse mai kyau ka tarar an yi masa fari-fari da hodar da masu hawa ke shafa wa hannu, an ja layuka da kibiyoyi, gindinsa ya zama fili tas don katifu sun kashe ciyawa, ga sababbin hanyoyi ko'ina sun ratsa cikin tsiro. Gansakukar da ɗan nan yake so ya kankare, shekaru ta yi tana girma, kuma akwai ƙananan halittu a cikinta. Gandu na kowa ne. Ina roƙo a bar ta.

Hawainiya:
Mama, maganarki a kan hanya take, kuma laifinmu ne. Layukan hodar nan alama ce da mutum ke yi don ya ga madafa, wajibi ne ya goge kafin ya tafi. Buroshi mai laushi, na gashi ko na roba, ya isa. Hoda mai yawa ma ba ta ƙara kamu, cike ƙofofin dutsen take yi, ta sha laima ta zama kamar kunun ƙasa. A shafa kaɗan a hannu, a kakkaɓe.

Dogo_Mai_Lissafi:
Kuma abin yana da sakamako. A Hueco Tanks ɗin da na ambata, tun 1998 aka taƙaita shiga saboda kare tsofaffin zanen da mutanen farko na yankin suka bari a jikin duwatsu. Yanzu ana ƙayyade yawan masu shiga, wasu sassan kuma sai da ɗan rakiya. Hukumar gandu in ta ga ɓarna rufewa take yi. Hodar ma, Gill ne ya shigo da ita daga wasan motsa jiki a shekarun 1950. Kafin nan mutanen Fontainebleau ƙaron itace suke ɗaurewa a tsumma suna buga wa dutse, wanda a wurare da yawa yau ba a yarda da shi ba don yana barin sulɓi.

Zakin_Bango:
Na yarda da maganar hoda. Amma gansakuka fa? Mu faɗi gaskiya, duk layin da muke hawa a cikin kurmi wani ne ya share shi da farko. Da ba a share ba da babu layin. In layi sananne ne, yana cikin littafi, gansakuka ta dawo kan inda ake dafawa, share tafin hannu biyu da buroshi mai laushi ya fi a bar mutum ya zame daga mita huɗu. Ban ce a yi wa dutsen aski duka ba.

Mai_Son_Kurmi:
Kowa tafin hannu biyu yake cewa, ɗana. In mutum hamsin suka zo fa?

Baba_Maiduwatsu:
Ku biyun kuna da hujja. Ni abin da na sani, ba baƙo ne ke yanke wannan hukunci ba. Kowane gandu da dokarsa, wani ya halatta hawa, wani ya hana taɓa kowane tsiro, wani yana rufe wasu duwatsun lokacin da tsuntsaye ke sheƙa. A tambayi masu kula da wurin da waɗanda suka daɗe suna hawa a can. Sannan Kadangare ya ce a gefe take. In a gefe take, to mai yiwuwa layin bai bi ta kanta ba, shi ne ya kauce.

Tsaka_a_Bango:
Wani abu da ba a ambata ba: lokaci. Dutse ya fi kamuwa da sanyi da busasshiyar iska, don hannu ba ya gumi. Cikin itatuwa da sassafe akwai raɓa. Ka gwada ranar da iska ke kaɗawa. Kuma ka goge tafin takalminka kafin kowane tashi, yashi a ƙarƙashin roba yana zamar da kai, yana kuma cinye dutsen.

Ummu_Hanan:
A ƙara da ɗumama yatsu kafin a kama siririn bakin nan. Akwai 'yan zobban da ke riƙe jijiyar yatsa a jikin ƙashi, na yatsan zobe ya fi yawan tsinkewa, wani lokaci har ƙara ake ji. Kuma in ka dawo daga kurmi ka duba jikinka saboda kaska, musamman ƙafafu da bayan gwiwa. A Turai da Arewacin Amurka tana ɗauke da cutar Lyme.

Kurege_04:
Don ka samu ƙarfin gwiwa, Kadangare: layin Midnight Lightning da ke sansanin Camp 4 a gandun Yosemite na Amurka, V8 ce, Ron Kauk ya fara hawanta a 1978, Lynn Hill ta zama mace ta farko a 1998. Har yau abin da ya fi tsorata mutane a kanta shi ne hayewar saman. Abin da ke damunka yana damun manya.

Kadangare_Sabo:
Na dawo da labari. Na jira kwana biyar ba ruwa, na tona gindin dutsen kamar yadda Baba ya ce, ƙasar a bushe. Na je da abokina da katifa biyu, muka share ganye, ashe akwai wani kan dutse a ɓoye daidai inda nake dirowa. Anti Ummu, Allah ya saka da alheri. Na hau ta baya na leƙa, sai na ga ɗan lotsi can dama, nesa da gansakukar, ashe ni ne nake karkata hagu. Ban taɓa ta ba, Mama.

Ban haye ba tukuna. Amma sau biyu na ɗora diddige, sau ɗaya har na juya tafin hannu. A nan na tsaya, jikina ya ƙi matsawa kan ƙafar, na ce wa abokina zan sauko, na sauko lafiya.

Zakin_Bango:
Madalla. Ni dai har yanzu ina ganin V1 ta yi wa irin wannan saman kaɗan.

Dogo_Mai_Lissafi:
Sai ya haye tukuna, sannan mu ji nasa makin.

Hawainiya:
Ka yi nisa, ƙanena. Gaya mini, wane diddige ka ɗora, dama ko hagu, kuma wane hannu ka juya? In lotsin yana dama kuma diddigen dama ka sa, to ƙafarka da hannunka suna rigima a wuri ɗaya, ƙugu ba shi da hanyar wucewa. Ka ce wa abokinka ya ɗauki bidiyo daga gefe, ba daga baya ba, ka turo mu gani.